Ƙullin da Ba na Radule Ba

A ƙauyen da ke saman kwazazzabon Komarnitsa, ba kowa ke kiran Radule da sunansa ba. Wutsiya ake ce masa, shi ma yana amsawa. Duk ayarin da zai shiga kwazazzabon, ɗan ƙanwarsa Yagosh ne ke gaba, baƙi a tsakiya, Radule a ƙarshe. Shi ke ɗaura wa wanda ya kasa tsalle igiya ya sauke shi, shi ke tsinto takalmin da ruwa ya cire, shi ke tsayawa da mai kuka har ya gama kukansa.

Yana yaro, a bakin wannan tsagin dutsen yake kiwon tumakin mahaifinsa. Lokacin ba mai shiga. Daga sama ba a ganin ruwan, sai dai a ji shi, kuma tunkiyar da ta faɗa ba a nemanta. Ya yi soja ya dawo, ya shiga aikin injin yanka katako a garin Shavnik, ya zauna nan har aka rufe injin. Igiya kuwa wurin masu ceto a kan duwatsu ya koye ta, sa'ad da suke neman ƙarti masu ɗaukar musu kaya. 'Ya'yansa biyu sun tafi Jamus, sai hotunan jikoki ke zuwa. Yagosh ne ya zauna. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a gidan Radule ya tashi, a jikin gungumen rumbun ciyawa ya koyi ƙullinsa na farko. Da ya girma ya sayi tsohuwar bas da rigunan roba masu tsare sanyi, baƙi suka fara zuwa kowace bazara.

Doka ɗaya Radule ya kafa masa tun ranar farko. Ƙullin da ran mutum zai rataya a kansa, ɗayansu ne zai ɗaura shi da hannunsa. Ba baƙo ba, ko da baƙon ya rantse ya gama hawan duwatsun duniya.

Tun bara yatsunsa suka fara yi masa gardama. Ruwan kwazazzabon ƙanƙara ce da ta narke, rana kuma ba ta kai masa ziyara. In Radule ya daɗe a ciki sai yatsun su yi fari kamar kyandir, su daina jin komai. Da ɗaya aka fara, sannan biyu. Matarsa Milusha ta gani, don ita ke share ɓarin kofuna. Ta ce ya gaya wa Yagosh. Ya ce sai bazara ta wuce. Ta tuna masa bara ma haka ya ce, ta ci gaba da yanka albasarta. Ya san ranar da Yagosh ya ji, aikin wutsiya ya ƙare, don shi da bakinsa ya kafa dokar. Bayan nan kuwa sai bencin ƙofar kanti, inda tsararrakinsa ke zama suna hirar tsadar itace da wanda aka binne a makon.

Ayarin wannan Asabar ɗin ma'aikatan ɗakin haihuwa ne daga wani asibiti a birnin Novi Sad, kusan duk mata. Babbar ungozomarsu, Zorka, ta yi ritaya, su kuma suka ga kyautar da ta dace da ita ke nan. Mace ce mai jiki, ba za ta gaza Radule da shekaru masu yawa ba. A bakin gadar da ake shiga kwazazzabon, yayin da mata biyu ke tura ta cikin rigar roba kamar ana cusa ulu a buhu, ta ce wasu agogon bango ake ba su, ita kuwa an kawo ta a nutsar.

"Dattijo," ta ce da Radule, "kai ma kyauta aka yi maka, ko da hankalinka kake shiga?"

Ya ce shi biyansa ake yi.

"To ka fi ni wayo kaɗan."

Ya gyara mata ɗamarar igiya da hular kwano. Yatsunsa lafiya lau a lokacin, rana na dukansu.

Suka shiga ruwan. Ihun farko ya tashi kamar kullum, aka yi dariya, aka zagi wadda ta kawo shawarar tafiyar. A bakin tsallen farko Yagosh ya tsaya ya faɗi abin da yake faɗa wa kowane ayari, cewa daga nan ba komawa baya, duk wanda ya faɗa sai dai ya fita ta can ƙasa. Zorka ta ce ita ma abin da take gaya wa mata ke nan a ɗakin haihuwa, ta toshe hanci ta faɗa.

Daga nan dutsen ya fara matsowa. Wani wurin sai mutum ya karkace kafaɗa, wani wurin sai iyo cikin ruwa mai launin kwalba, sararin sama ya koma kamar zare can bisa. Hira ta ragu. Zorka na tafe a hankali, tana dafa kowane dutse sai ta tabbata da shi, Radule na bayanta. Tafiyar da ya saba yi jini na gudu a jikinsa, yau tsayuwa ta fi yawa a cikinta. Yana cusa hannuwansa a hammata duk sa'ad da ta juya baya.

Suka iso babban tsallen, inda ruwa ke zuba cikin wani gurbi mai zurfi, baƙi ƙirin. Yagosh ya fara faɗawa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu da addu'a, wasu da ashar. Zorka ta leƙa ta ja da baya. Radule bai jira ba, ya zura igiya cikin zoben ƙarfen da ke kafe a dutse, ya ce zai sauke ta, ba abin kunya ba ne.

Ta ce a'a, tsalle za ta yi. Shekara da shekaru tana yi wa yaran nan tsawa, ba za ta bari su koma asibiti da labarin an sauke ta kamar buhun dankali ba. Ya ba ta lokaci kawai.

Ya ba ta. Ruwan na dukan su a ƙugu, feshinsa na jiƙa sauran. Can ƙasa matan suka yi ta kiran sunanta suna tafi, har sanyi ya kashe musu murya. Ta matsa baki, ta dawo. Ta sake matsawa. Ta ba shi labarin wata yarinya da ta yi kwana biyu tana naƙuda ba ta yi kuka ba, da wani miji da ya suma a kan ƙafarta. Radule na saurare, yana jin yatsunsa na tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙin da ke sulalewa daga biki ba sallama.

Daga ƙarshe ta sauke numfashi ta ce ya kawo igiyar, su yi dariyarsu.

Ya ɗauki bakin igiyar. Ya ga hannunsa ya riƙe ta, amma bai ji ta ba. Ya yi ƙoƙarin lanƙwasa ta, ta zame. Ya juya mata baya kamar mai duba zoben, ya hura wa yatsun iska, ya sake gwadawa. Ta sake zamewa ta faɗa ruwa, ya tare ta da gwiwa. In ya ɗaga hannu ya kira Yagosh, ba hanyar da zai hawo, sai dai a yi ta ihu a kan ƙarar ruwa har kowa ya ji abin da ake ciki. In kuma suka ƙara tsayawa, leɓunan matar sun riga sun fara shuɗi.

Ya juyo ya miƙa mata igiyar a kan tafinsa.

"Ungozoma, a nan muna da al'ada. Wanda ya ƙi tsalle, shi ke ɗaura ƙullinsa."

Ba igiyar ta duba ba. Hannun da ke ɗauke da ita ta duba, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube shi.

"Al'ada ce?"

"Tsohuwa."

"To faɗa mini yadda kakanninku ke yi."

Ya faɗa mata da baki, lanƙwasa nan, zagaya can, zura cikin ɗamara, bi sawun igiyar ka koma. Bahaguwa ce, komai ta hagu take farawa, amma yatsunta ba su yi rawa ba. Ya sunkuya ya bi ƙullin da ido tun daga farko har ƙarshe, ya sa ta kwance ta sake, ya kama bakin da haƙori ya ja. Sannan ya zagaya igiyar a bayansa, ya naɗe ta a damtse, ya tokare ƙafa da dutse, ya sake ta kaɗan-kaɗan da nauyin jikinsa, har ya ji igiyar ta yi sako-sako, ya ji tafi daga ƙasa.

Shi ma ya faɗa. Da ya ɗago kai daga ruwan, ya tarar Yagosh tsaye gaban Zorka a kan wani faffaɗan dutse, riƙe da ƙullin, bai kwance ba. Yana juya shi. Ƙullin daidai yake, ba abin da za a ce. Sai dai kwanciyarsa ta hagu ce, bakinsa a gyare tsaf kamar na mai ɗaure cibiya. Ƙullin Radule kuwa Yagosh ya san shi kamar yadda ya san tarinsa.

Zorka ta so ta taimaka.

"Ni na ɗaura, yaro. Ai al'adarku ce."

Yagosh bai dubi kawunsa ba. Ya kwance ƙullin a hankali, ya janyo igiyar daga zoben, ya fara naɗe ta.

"Haka ne, Inna," ya ce. "Tsohuwar al'ada ce."

Sauran wuraren igiya da suka rage, Yagosh ne ya tsaya a sama. Ya ce bayansa ya gaji da tare mutane a ƙasa, Kawu ya sauka ya karɓe su. Radule ya sauka ya karɓe su. Ba wanda ya lura an sauya wani abu, sai Zorka, ita kuma ta sami abin kallo a jikin dutse.

Da kwazazzabon ya buɗe, suka fito cikin rana, matan suka zube a kan duwatsu masu ɗumi kamar wanki. Aka raba cakulan da busasshen nama. Sai dai fita daga ruwa ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Akwai hawan da ke mayar da mutum sama, doguwar hanya a tsaye cikin kurmi, ga rigar roba da ta sha ruwa, ga zafi yanzu. Nan ne ba a dariya. Kowa ya sa ido a kan dugadugan na gabansa.

Radule na goye da jakar igiyoyi. Jini ya fara dawowa yatsunsa, da zafin da ya saba kawowa, kamar ana datse su da ƙofa. A tsakiyar hawan ya tarar da Yagosh zaune kan wani kututture, wai yana gyara igiyar takalmi. Baƙi sun yi gaba. Radule ya zauna kusa da shi, suka yi ta haki tare.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Bara."

"Inna Milusha ta sani?"

"Ita ke sayen kofuna."

Yagosh ya tsinke wani ganye ya yi ta murza shi. Ya ce akwai ayari Asabar mai zuwa, 'yan makaranta ne, da yawa. Radule ya gane an bar masa maganar ne ya faɗa da kansa, ya kuma san wanda ya koya wa yaron irin wannan ladabin.

Ya ce a kira Vukota ɗan Goyko, wani saurayin ƙauyensu, ya zama wutsiya. Ƙullinsa mummuna ne, kamar kare ya tauna, amma yana riƙewa. Haƙuri ne bai da shi da masu tsoro, wannan kuwa sai an yi ta faɗa masa.

Yagosh ya ce to. Can ya ce bas ɗin na bukatar wanda zai kai ta can sama ya jira, don yaron da ke tuƙa ta ya kusa cinye mata giya. Da kuma wanda zai duba ɗamarar kowa a bakin gada, inda rana take.

"Tausayina kake ji, ɗan nema?"

"Bas ɗin nake tausayi, Kawu."

Radule ya tambaya ko na'urar ɗumama motar na aiki. Yagosh ya ce in an doke ta. Suka tashi. Yagosh ya ɗauki jakar igiyoyin ya haɗa da tasa, Radule bai ce ya ajiye ba.

A sama, gidan abincin da suke kai baƙi ya riga ya ɗora kachamak, wato tuwon masara, da kindirmo a kwanon katako. Zorka ta zo ta zauna kusa da shi, ta kama hannunsa ta juya kamar mai duba kaya a kasuwa. Ta ce akwai likitocin jijiya, kada ya tsaya sai abin ya kai wuyan hannu. Ta kuma ce ta yi ƙoƙarin rufa masa asiri.

Ya ce ya gani, ya gode.

"Na ɓata ne?"

"Ci abincinki, Ungozoma, zai huce."

Asabar ta zo. Ya duba ɗamarar 'yan makarantar ɗaya bayan ɗaya, ya ja kunnen Vukota a kan wata yarinya da ya ga tana yawan dariya, don ya san irin wannan dariyar ta tsoro ce. Ya tsaya a kan gada har hular ƙarshe ta shige cikin dutse. Sannan ya ja bas ɗin ya zagaya da ita can sama, ya tsayar a gefen makiyaya, ya kashe. Ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari inda rana ke faɗowa. Ya yi niyyar sauka ya je bakin tsagin ya saurari ruwan, ko zai gane inda suka kai.

Ƙwanƙwasar gilashi ce ta tashe shi. Yagosh ne tsaye, jiƙe, 'yan makaranta zube a kan ciyawa bayansa, inuwa ta riga ta yi tsawo. Radule ya laluba ya buɗe musu ƙofa.