Ɗakin da Babu Kowa a Samansa

Bayan rasuwar mahaifinmu an sayar da tsohon gidanmu na cikin gari, domin mu magadan muna da yawa, gidan kuma ba ya rabuwa. Wanda ya saya ya yi mana kara, ya ce Inna, mahaifiyata, ta zauna shekara guda kafin ya rushe ya yi shaguna. Ni ne babba, saboda haka babu wanda ya tsaya tambayar wurin wa za ta koma. Matsalar ita ce ni kaina a gidan haya nake, ɗaki biyu da falo, da maiɗakina da yara biyar.

Ina da ɗan fili da na saya tun farkon fara koyarwata, can wajen hanyar Kaduna. Rabin fuloti ma bai cika ba. Idan ka yi atishawa a wannan kusurwa, na waccan kusurwar zai yi maka addu'a ba tare da ya ɗaga murya ba. Duk wanda ya san Suleja ya san yadda mutanen Abuja suka cinye mana ƙasa, babu zancen ƙara ko taku ɗaya. Tunda babu faɗi, sai a yi sama. Na yanke shawarar bene mai hawa biyu, ƙasa da tsakiya da sama.

A gidan hayarmu akwai wata maƙwabciya 'yar Filato, Kirista, mai zanen gine-gine a Abuja. Kullum da sassafe take bin motocin ma'aikata, sai yamma liƙis take dawowa. Injiniya muke ce mata, ta gaji da gyara mana ta haƙura. Ita na samu wata ranar Asabar na zayyana mata abin da nake so: falo da kicin a ƙasa, ɗakunan yara a tsakiya, ɗan ɗakin littattafaina a gefe, sannan can sama ɗakin Inna, mafi girma, mai tagogi biyu, inda iska take kaɗawa kuma ana hango Dutsen Zuma.

Ta ajiye fensir ta dube ni. "Malam, Mama za ka kai sama? Shekarunta nawa?"

Nan take raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin hawa, maiɗakina ta sha fama. Na ce, "Injiniya, ke dai zana. Ina raye ba za a taka kan uwata ba. In sa ta a ƙasa, yara suna tsalle a kanta, ni ina kwance a samanta? Allah ya kiyaye! A gidan nan babu wanda zai fi ta tsawo."

Ta ce to, ta zana. Zanen kuwa ya yi kyau, har na riƙa nuna wa malamai a ɗakin hutunmu na makaranta.

Sai dai akwai abin da ya kamata in faɗa game da ni da Inna. Ni ɗan fari ne, ita kuma tsohuwar hannu ce, tana kunyata irin ta mutanen da. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta doguwar magana da ni. In na je gaishe ta sai in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, in da saƙo sai ta ba maiɗakina ko ƙanwata. Haka na tashi na gani, ban taɓa ɗaukar sa a bakin komai ba.

Na ɗauki takardar zanen muka je da maiɗakina. Na shimfiɗa a kan tabarma, ina nuna mata da yatsa, ga ɗakinki nan Inna, can ƙololuwa, babu kowa a samanki. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce Allah ya sa albarka. Sannan ta juya wurin maiɗakina ta ce, "Ki gaya wa maigidan naku, ni Izom zan koma wurin ƙanena. Akwai ɗaki a can."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Izom! Ni da raina da lafiyata, uwata ta je ta zauna a gidan kawu, a ce ɗanta ya gina bene ya kasa riƙe ta? Na dawo gida ina ta sababi. Na zargi ƙannena mata da zuga ta, na zargi kawun, har maiɗakina sai da ta samu rabonta, baiwar Allah, alhali ko uffan ba ta ce ba.

Injiniya ta jiyo hayaniyar ta katanga. Washegari bayan ta dawo daga coci ta leƙo ta ce, "Malam, ka ba ni izini in je in wuni wurin Mama." Na ce ta je mana, me zai ƙaru da ita. Asabar ta gaba ta tafi tun hantsi, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Ta same ni a ƙofar gida, ta ja benci ta zauna.

"Malam, yaushe rabonka da ka ga Mama ta miƙe tsaye a gabanka?"

Na yi ta lalube a raina. Kullum na je a zaune nake samunta, a zaune nake barinta.

Ta ce, "Gwiwoyinta sun tafi. A kan kujera take salla, ta fi shekara biyu. In ta ji sallamarka sai ta sa a tura kujerar bayan ƙofa, ta zauna a tabarma, ba ta motsawa sai ka tafi. Dakalin ƙofar ɗakinta ma sai ta dafa bango take hawa. Ni ta gaya mini, don ni ba 'yar farinta ba ce. Ta ce ba za ta iya cewa ɗan da ya ba ta ɗaki mafi kyau ya yi kuskure ba, gara ta tafi."

Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki. Ina ta tinƙaho da girmama uwa, ashe matakala talatin da wani abu na shirya mata, ita da dakali ɗaya yake gagara. Duk da haka taurin kaina bai sake ni ba. Na ce, "To yanzu sai in sa ta a ƙasa a riƙa taka ta?"

Ta yi dariya, irin dariyarta mai ban haushi. "Wa ya ce maka dole a ɗora wani abu a kanta?"

Ta zaro takarda ta zana a kan gwiwarta. Ta matse benen ya koma gefe guda, siriri, ɗakuna a kan ɗakuna. A ɗaya gefen ta zana ɗaki guda a ƙasa, da banɗakinsa a ciki, babu komai a samansa sai kwano. Tsakaninsu ta bar ɗan tsakar gida, wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ta ce a wunin nan ta lura Inna ba ta zama a ɗaki: a waje take alwala, a waje take tsince shinkafa, inuwa take dubawa ta san azahar ta yi, kuma maƙwabta a nan suke samunta. Ta ƙara da cewa wannan filin ne zai riƙa ja wa benen iska lokacin bazara, in wuta ta ɗauke.

Na duba na duba, na ce, "Ina ɗakin littattafaina?" Ta ce ya tafi. Falon ma ya ragu, ɗakin yara maza ya zama ɗaya. Sati guda na yi ina kumbure-kumbure kafin na amince, kuma ba na alfahari da wannan satin.

Da aka fara aiki magini ya so ya ɓata mana. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, asarar wuri ce wannan. Bari mu sa rodi mu zuba kankare a kan ɗakin tsohuwa, ko nan gaba ka ɗora wani." Saura kaɗan in yarda. Injiniya ta ce a'a, in aka zuba kankare yau, gobe za a kai tankin ruwa, jibi a shanya kaya, yara su mayar da shi filin wasa. Ta sa aka yi rufin kwano mai gangara sosai, wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta hau. Ta kuma tsaya a kan birkila sai da ya daidaita daɓen ɗakin da na tsakar gida, babu dakali ko na yatsa ɗaya. Ruwan sama kuwa ta yi masa hanya ta ƙarƙashi.

Maiɗakina ce ta kai wa Inna sabon zanen. Daga ranar Inna ba ta sake zancen Izom ba.

Ranar tarewa, ana saura sati biyu wa'adin ya cika, na tsaya daga nesa kamar yadda na saba. Maiɗakina ta riƙo ta daga mota, suka shigo a hankali. Karon farko ke nan cikin shekaru da na ga tafiyarta, kuma sai da na kawar da kai. Ta shiga ɗakin ba ta dafa komai ba. Ta fito ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi saman rufinta, babu komai sai gajimare. Ta kama hannun Injiniya ta riƙe, ta daɗe tana sa mata albarka, ita da iyayenta. Ni ma har gobe ban san da bakin da zan gode wa matar nan ba. Abin da na kasa gani a uwata shekara biyu, ita ta gano shi a wuni ɗaya.

Littattafaina suna cikin kwalaye a ƙarƙashin matakala, kuma ban damu ba. Kullum da safe nakan sauko in durƙusa a ƙofar Inna in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, yadda muka saba. Kujerar sallarta yanzu a fili take, ba a ɓoye ta.

Wata safiya, bayan mun yi kamar wata uku a gidan, na gama gaisuwa zan tashi. Maiɗakina tana sama, yara sun tafi makaranta. Inna tana kan tabarma a tsakar gida, rana ta fara cim mata. Ba ta kira kowa ba. Ta miƙo mini hannu, tana kallon gefe, ta ce, "Kai, kama ni in tashi."