Ranar da Na Hau Bonet ɗin Hajiya Rabi

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta da ranar da na hau bonet ɗin motar Hajiya Rabi na ƙi sauka ba. A daminar bara ne, a garejinmu na Palladan. Ku sababbin yara, ku matso ku ji.

Kun san tsarin wurin nan. Oga Yohanna ne a sama, sai babban yaronsa Yaya Ɗanlami, sannan mu masu wanke sifana. Ranar Oga ya tafi Kaduna sayo kaya.

Hajiya ita ke kai jikokinta makaranta a Samaru. Dutse ya fasa gilashin gaban motarta, aka sa sabo. To irin waɗannan motocin suna da 'yar kyamara a bayan madubi, ita ke hango haɗari ta taka birki da kanta. In aka canja gilashi, dole a sake saita ta. A tsayar da mota a kan daɓen da ba shi da gangara, a kafa allo mai zane a gabanta, a jona kwamfuta. Ba a yi haka ba, sai mota ta haukace. Inuwar akuya, birki! Leda ta gifta, birki! Hajiya ta ce goshinta ya fi sabawa da sitiyari a kan darduma.

Ta kawo mana motar a saita, garejinmu kuwa gangara ne. Ka ajiye lemo a ƙasa, sai ka tsince shi a Dogarawa.

Da Hajiya ta tafi salla, Yaya Ɗanlami ya miƙo min baƙin salatif. "Habu, zare wayar kyamarar, ka rufe fitilar gargaɗin nan mai ƙiftawa a gaban direba. Ba za ta gane ba."

Na ce, "Yaya, mu tsiyaye wa mota ido, mu ce ta warke? Yara take ɗauka fa."

"Kai ne Oga? Ka yi, ko ka kwashe silifas ɗinka ka bar garejin nan yau."

Yana da ikon korata, kuma na san me zan tarar wajen Baba a gida. Amma na zare makullin motar, na jefa a aljihu, na haye bonet na harɗe ƙafa.

Hajiya ta dawo ta yi salati. "Ɗan nan, aljanu ne?"

"Lafiyata ƙalau, Hajiya. Motarki ce ke ciwon ido, ana so a rufe ciwon da salatif."

Nan take ta buga wa Oga. Ihunsa ko ba waya za a ji daga Kaduna. Ya ce a kai motar sito ɗin masara da ke bayanmu, daɓensa siminti ne shimfiɗaɗɗe. Can ni da Yaya muka kafa allo muka saita ta, ko kallona bai yi ba. Fitila ta mutu da kanta.

Da Oga ya dawo, ya ƙwace salatif ɗin daga hannun Yaya. Ni kuma ya ja kunnena har na hango Kano, don na lotsa bonet. Sharar gareji ta zama tawa har kaka.

Abin da na koya shi ne, fitila in ta kama magana take yi, aikinmu mu saurara, ba mu toshe mata baki ba. Kuma a sana'ar nan ko kai ke da gaskiya, sai kunnenka ya biya.

Lotsawar tana nan har yau. Hajiya ta hana a buga ta. In ta zo, ku duba, daidai faɗin mazaunaina ce.