Baƙuwar da ke gindin jinga

Mutanen Gidan Rumji sun tafi taron zaɓe, Jaye kaɗai ya rage bakin gulbi, yana kallon wata baƙuwa durƙushe gindin jingar da ke kare gonaki daga ambaliya. Siririya ce, takalminta duk taɓo, kwamfuta bisa cinya. Lissafi ne, in ji ta, ya nuna mata inda ruwa ke ratsawa ta ƙarƙashin jingar. Daidai wurin da Jaye ya shekara uku yana nuna wa 'yan buro, ma'aikatan gwamnati, ba mai saurare!

Ta ɗebi ƙasar, ta murza, ta sansana.

"Baba, nan za ta fashe in ba a toshe ba."

Jaye ya gyara hula. Ko 'yar wa ce, hannun nan a gona ya girma. Tasu ce, ta manoma.