Ranar da Na Ɗaure Eriya a Gadon Baba

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da yammacin wata Alhamis a unguwarmu ta Dutse Alhaji da ke Abuja ba, ranar da na kusa kashe mahaifina da hannuna don na ƙi jiran kwana uku. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ji nake kamar jiya aka yi.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina gida ina jinyar Baba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, Umma ta karɓi shagonsa na atamfa, tun safe sai magariba take dawowa. Mun samo masa gadon ƙarfe irin na asibiti, muka jingina shi da taga don ya sha iska. Mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa, sai ga shi ba shi da abokin hira sai talabijin. Ita ma iskar farkon damina ta zo ta kakkarya eriyarta, Baba ya koma kallon silin. Ba ya ƙorafi, kuma shirun nan nasa shi ya fi ci mini rai.

Na sayo sabuwar eriya, na kira mai haɗawa, wani magidanci da duk unguwa Oga ake ce masa. Ya zo ranar Laraba. Maimakon ya hau aiki, sai ya zagaya gidan sau biyu, hannu a aljihu, yana ta kallon sama kamar mai neman jinjirin wata.

"Ƙanwata, nan gaba ba zai yiwu ba," in ji shi. "Kin ga wayoyin wuta sun bi ta gaban tagar nan. Sai dai bangon baya. Zan nemo ƙarfen da ake kafewa a bango da doguwar waya, in dawo Asabar."

"Asabar? Don ɗaura ɗan wannan abin? Oga, in ba ka da lokaci ka faɗa, ba sai ka mai da shi aikin ginin gada ba."

Ya yi murmushi, ya ce Asabar dai. Ni kuwa na ce ya bar shi kawai. Haka nake a lokacin, bakina ya fi hankalina sauri. A raina na yanke cewa girmama aikin yake yi don a ga wahalarsa. Wayoyin da yake magana a kai ma, kwana huɗu ke nan ba mu ga wuta ba, taransifomar layinmu ta lalace. A idona igiyoyin shanya ne kawai da ba mai amfani da su.

Washegari na kalli bidiyo biyu a waya, na ji na zama gwana. A bayan gida akwai wani dogon bututun ƙarfe da ya rage tun aikin famfo. Na jawo shi, na ɗaure eriyar a kansa, na miƙar da shi a jikin tagar Baba, na ɗaure shi da wayar ƙarfe a ƙarafunan tagar. Da na girgiza sai na ga ƙarafunan suna motsi, simintin ya tsufa. Na duba ɗakin, me ya fi komai nauyi? Gadon Baba. Na zuro wayar ta taga, na naɗe ta a kan gadon sau uku, na murɗe da filaya. Har yaba wa kaina na yi a kan wannan dabara.

Na tada ƙaramin janareta, na kunna dikoda, hoto ya fito tas. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata injiniya," ya ce a hankali, yana jan kalmomin.

Ranar ya kalli labarai ya kalli tafsiri. Ni kuwa ina ta shiga ina fita, kaina kamar ya taɓa rufi. Har na ɗauki hoton eriyar da niyyar tura wa Oga, in ce masa ya huta da Asabar ɗinsa.

Bayan la'asar na kashe janareta, sai hadari ya taso ta bayan duwatsu. Ruwan bai sauka ba, iska ce kawai, irin mai kwashe bokitai a tsakar gida. Ina kicin na ji wani ƙara, ƙiiii, kamar ana jan ƙarfe a kan kwano. Sai muryar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai sayar da doya, wadda muke kira Mama.

"Ke yarinya! Fito ki gani! Abin nan naki ya kwanta kan waya!"

Na fito da gudu. Bututun ya karkace, eriyar ta kifa a kan wayoyin wuta, haƙoranta sun sarƙe a tsakanin biyu daga ciki. Na ce ba komai ai, ba wuta, bari in jawo shi. Mama ta damƙe mini hannu, damƙar mai ɗaukar doya.

"Kina hauka? Yanzu na dawo daga kasuwa, masu wuta suna can wajen taransifoma tun safe. Sun ce yau yau za su kawo."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Idona ya bi bututun daga sama, ya sauko kan taga, ya bi wayar da na zura ciki. Na san inda ta ƙare, don ni na murɗe ta. Baba yana kwance a kan gadon, kuma ɗabi'arsa ce ya riƙe ƙarfen gefen da hannunsa mai lafiya.

Lambar mutum ɗaya ce ta zo mini, mutumin da na yi wa rashin kunya jiya. Na kira shi. Na soma zuba magana ba kai ba gindi, ya katse ni.

"Tsaya. Ƙarfe ne bututun?"

"Ƙarfe ne."

"A ina kika ɗaure shi?"

"A taga. Da kuma... da gadon Baba."

Na ji ya ce innalillahi can ƙasa-ƙasa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

"Ji nan da kyau. Kada ki taɓa bututun, kada ki taɓa taga, kada ki ce za ki kwance wayar. Sa silifas na roba busasshe. Ku jawo Baba da zanin gado, jikinku kada ya taɓa ƙarfe. Ni zan hau mashin in je wajen taransifoma in ce su dakata. Ina Bwari, sai dai fa in na riske su."

Muka shiga ɗakin ni da Mama. Baba yana riƙe da ƙarfen gadon kamar kullum.

"Baba, saki gadon."

"Lafiya, Uwata?"

"Baba don Allah saki! Ɗora hannunka a ƙirji!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke naɗe a saman kansa, ya bi ta da ido har taga. Jikinsa ne ya shanye, hankalinsa garau yake. Ya janye hannun a hankali, ya soma salati.

Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Kullum mu biyu da Umma muke juya shi, shi ma sai mun dafa gadon mun jingina da shi. Yau ga gadon ya zama abin da ba a taɓawa. Muka jawo katifar Umma muka shimfiɗa a ƙasa. Na kama zanin ta wajen kafaɗunsa, Mama ta kama ta wajen ƙafa, muka tsaya nesa-nesa muna miƙa hannu kamar masu ɗaukar tukunya daga wuta. Muka ja, bai motsa ba. Muka sake ja, zanin ya ce ɓarrr, ya soma yagewa. Duk wannan kunnena yana waje. Kowane ƙaramin sauti sai in ji kamar firij ɗin maƙwabta ne ya tashi. Ina kallon ƙwan fitilar ɗakin, ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙa ba tunda aka haife ni a Abuja: kada a kawo wuta.

"Bar kuka, kama bargo!" Mama ta daka mini tsawa. "Kuka ba ya ɗaga mutum. Baba, yi haƙuri, za mu ja ka kamar buhun doya."

"Ku ja," in ji Baba.

Muka haɗa da bargon da ke ƙarƙashinsa, Mama ta ƙirga, muka fizga da iya ƙarfinmu. Baba ya zamo daga gadon, ya faɗo rabi a katifa rabi a kaina. Gwiwata ta bugi siminti, ban ma ji ba. Muka ja katifar har bakin ƙofa.

Ban gama miƙewa ba na ji yaran layi sun kwashe da ihun an kawo wuta. Ihun bai kai ƙarshe ba wani abu ya fashe a waje, tau! Tagar ta yi wani haske shuɗi, tartsatsi ya zubo a kan matashin da Baba ya ɗaga kai daga kansa yanzun nan. Talabijin ta yi ƙara ta tuɗo hayaƙi. Sai komai ya yi tsit, sai warin ƙonannen roba. Na zauna a ƙasa na rungume kan Baba, shi kuma yana bubbuga bayana da hannunsa ɗaya, wai shi ne mai lallashi.

Oga ya iso bayan kamar minti goma, tare da ɗaya daga cikin masu wuta. Ya ce yana shan kwanar ƙarshe suka mayar da wutar. Sai da suka tabbatar an kashe layin kafin ya sauke bututun. Ya shiga ɗaki ya ga inda wayar ta ƙona fentin gadon, ya daɗe yana kallo. Eriyata ta sake kashe wa layinmu wuta na kwana biyu, kuma babu gidan da bai san 'yar gidan wa ta jawo ba. Umma kuwa, abin da ta faɗa mini da ta dawo ba zai rubutu ba.

Ranar Asabar ya dawo kamar yadda ya ce, muka aro tsohuwar talabijin ɗin Mama. Na tsaya ina kallonsa, bakina a rufe. Ya huda bangon baya, ya kafe ƙarfe da kusoshi huɗu, ya ɗora ɗan gajeren bututu da bai kai rabin nawa ba. Ya ja wata waya daga jikin bututun ya binne a ƙasa, ya ce ko tsawa ta faɗo nan za ta bi. Ya rataya a jikin ƙarfen da nauyinsa duka, ko gezau. Hoton da ya fito bai fi nawa kyau ba, ko kaɗan. Na kasa haƙuri na faɗa masa haka.

"Gaskiya ne, ƙanwata," ya ce yana naɗe igiyarsa. "Hoto kowa zai iya kawowa. Ni zagayen nan da na yi kina harara ta, shi ne aikin."

A nan na gane kuskurena. Na auna aikin da abin da ya fito a allo, shi kuwa yana auna shi da abin da zai faru ranar da iska ta taso ba ya nan. Har yanzu ba ni da haƙuri, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yanzu nakan gyara ƙananan abubuwa da kaina. Amma in wanda ya san aiki ya dubi wuri ya ce mini ba zai yiwu ba, na daina ce masa ya bar shi. Sai in haɗiye abin da ke bakina, in tambaye shi me ya gani da ni ban gani ba.