Kifin da Ke Rako Takarda

Tun da aka ba ni shugabancin jam'iyya a mazaɓarmu ta bakin ruwa a Ngaski, ban ƙara jin daɗin kifi ba. Masuntan tsibiranmu ba sa zuwa koke hannu rabbana. Duk wanda ya sauko daga kwalekwale da takarda a aljihu, to yana riƙe da giwan ruwa, kuma mayar wa masunci kyautarsa zagi ne har ga iyayensa.

Kokensu ɗaya ne kullum, a ba su rigunan ruwa, don jirage na kifewa da 'ya'yansu ranar kasuwar Yelwa. Ni ke sa hannu in kai Birnin Kebbi, gidan ɗan majalisar da na yi wa yawon neman ƙuri'a tsibiri-tsibiri har rana ta ƙona mini ƙeya. Yaransa su karɓa a bakin ƙofa su ce Honarabul zai duba. Ko ɗaya bai taɓa amsawa ba, yanzu ma ya daina ɗaukar wayata.

Bara na gaji, na ce wa Inna zan ajiye muƙamin. Ta ce, "Ajiye mana. Da bakin da ka cinye kifinsu za ka faɗa musu?"

Duk da haka maganar ta fita. Tsofaffin masunta suka cika zaurena suna roƙon kada in bar su, wai ni kaɗai suke da shi a Birni. Kifin da suka kawo ya fi kowanne girma. Na karɓa, aka soya, na ci.