Tattabarar da Ta Toshe Hitar Kawu

Abu na ƙarshe da mutum zai yi zaton nema a Jidda shi ne hita, na'urar ɗumama ɗaki. Gari ne da ƙarfen ƙofa ke ƙona tafin hannu kusan duk shekara. Amma karafan ɗin da kawuna yake kwana a ciki, wato ɗakin nan mai taya da mota ke ja, an ƙera shi ne don wata ƙasa mai ƙanƙara, aka loda shi a jirgin ruwa da duk tarkacensa, har da hitar gas a ƙarƙashin gado. Wani Bahijaze ne ya tara irinsu a wani fili a unguwar Mahjar, yana ba masu fita sahara haya. Kawu ne mai gadi, aka bar masa mafi tsufa, wanda tayoyinsa suka nutse a ƙasa.

Ni malamin firamare ne da na zo umara a shekarun tamanin, hanyar komawa ta ɓace mini. Daga baya na samu kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya mini, na shiga gyaran murhun gas a unguwar Hindawiyya. A aji na sha koya wa yara cewa wuta tana cin iska; sai a nan na gano ashe ba ƙarya nake musu ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ya riga ni zuwa da daɗewa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, bai kuma taɓa nemanta ba. Burinsa ɗaya ne, ya mutu a nan a binne shi a ƙasa mai tsarki. Shi ya sa ya fi tsoron asibiti a kan 'yan sanda. A ganinsa duk ƙofar da ake tambayar takarda a bakinta, filin jirgi take kaiwa. Ya sha sa ni alkawarin ko me ya same shi, ba zan kai shi ba.

Sanyin Jidda abin dariya ne ga kowa ban da mai sanyin ƙashi. Da ya shigo a wata shekara, gwiwoyin Kawu suka ƙi lanƙwasuwa ko don sujada, ya aika in zo in tayar masa da hitar. Na buɗe ta, na hure ƙurar shekaru, na shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo in ga ko zai yi kumfa. Bai yi ba. Sai na zagaya waje in duba mafitar hayaƙi, domin irin wannan hita daga waje take shaƙar iska, can kuma take tura hayaƙinta. Murfin ramin ya daɗe da faɗuwa. A bakinsa tattabara ce kwance kan tsinkayenta, da ƙwai biyu.

"Kawu, ashe kana da 'yar haya."

"Baƙuwa ce. Kada ka taɓa ta, tattabarar Harami ce."

"Harami yana Makka, Kawu. Nan Mahjar ce, bayan garejin Yamanawa."

"Kai daga ina ka zo? Da ka sauka a ɗakin nan na tambaye ka takarda? Dubi wuyanta mana, malamin boko."

Na duba. Wuyan tattabara ne. Na yi masa bayani kamar ina gaban allo: in aka kunna hita da ramin a toshe, ƙwan zai dahu, hayaƙin kuma zai rasa hanya ya nemo shi har gado. Irin hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa, sai dai ya sa mutum barci.

"To shi ke nan, kada a kunna. Ta ƙyanƙyashe tukuna."

Na kwance tiyon daga tukunyar gas na sa a jakata. Ina fita idona ya faɗa kan kaskon da yake dafa shayi.

"Kawu, don Allah kada gawayin nan ya shiga ciki."

"Tun uwarka tana goye nake kwana da kaskon wuta."

"A ɗakin bunu, mai shan iska ta ko'ina. Wannan gwangwani ne, kowace taga da robarta."

Ya ce ya ji. Washegari na kawo masa bargo mai kauri daga kasuwar Bab Makka da man zafi. Ya yaba bargon sosai, yabon da ya kamata ya sa ni shakka.

Ranar Juma'a da hantsi na zo in raka shi masallaci, na tarar ƙofa a rufe, an cusa tsumma a ƙarƙashinta. Na ɓalle ta. Kaskon yana tsakiyar ɗaki, ya zama toka. Kawu yana numfashi sama-sama, ya yi amai, ba ya amsa kira. Na jawo shi waje, ni ma kaina ya fara sarawa. Wani makaniki Bayamane ya ji ihuna, ya taho da a-kori-kurarsa.

"Yalla, asibiti!"

Na tsaya. Alkawarin yana kunnena da muryar mai shi. Bayamanen ya riga ya kama kafaɗu, yana kallona kamar ya ga mahaukaci. Na sunkuya na kama ƙafafu.

A asibiti sun fara sa masa iska kafin su tambayi takarda, wannan dole in faɗa. Amma sun tambaya. Ya farfaɗo, hannunsa na dama yana rawa, magana tana fita da ƙyar. Da ya iya tsayuwa aka wuce da shi gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Sau ɗaya na samu ganinsa a can. Na kai masa bargon. Bai kalle ni ba, bango yake kallo.

"Sun ƙyanƙyashe?"

"Sun ƙyanƙyashe, Kawu. Duka biyun."

"To, madalla." Sannan ya ce, "Da ka makara kaɗan, ɗan nan, da yanzu ina kwance inda nake so."

Na ajiye bargon kusa da shi na fito.

Damina biyu ya yi a gida ya rasu. An binne shi a maƙabartar da ke bayan makarantar da na koyar, inda awaki ke kiwo.

Bayan 'ya'yan tattabarar sun tashi, mai filin ya kira ni in ƙarasa aikin, don yana son sayar da karafan ɗin. Na kwashe tsinkaye da kashi, na sa wa ramin sabon murfi mai raga, na mayar da tiyo. Bugu ɗaya ta kama, shuɗiyar wuta tsaf, hayaƙi yana fita ta inda aka yi masa hanya. Ban taɓa gyara mai kyau kamarsa ba. Zafi ya riga ya dawo, gumi yana ɗiga daga haɓata kan gadon Kawu. Na kashe ta na fito.