Ƙafar Baba da Ƙafar Kaza

Ɗiyata ma'aikaciyar gidan likita ce, kuma duk abin da ta gano a wurin aiki sai ta kwaso ta kawo mini, kamar ni na aike ta. Da ta dawo daga wani horo bara, sai ta ɗora mini wani farin abu a tafin hannu, bai fi ƙwayar sukari ba, duk jikinsa 'yan ƙofofi. Ta ce yumɓu ne na musamman. Wai inji ne yake zuba shi zare-zare, wani bisa wani, har ya tashi daidai da gurbin da ƙashi ya gutsure, sannan a gasa shi. In aka dasa shi a giɓin, jini da sabon ƙashi sai su bi ta ƙofofin su haɗe karayar. Ta tsaya tana jiran in yi mamaki. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, don abin ya tuno mini da ƙafar Baba.

Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, ina budurwa a ƙauyenmu da ke bayan Attantané. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ruwan rijiya ya gudu ƙasa. Baba ya shiga yasa, igiya ta tsinke da shi. Da aka fiddo shi, ƙwaurinsa na dama ya farfashe, har wani tsinin ƙashi ya huda fata.

Aka kira tsohon maɗorin garinmu. Ya ja ƙafar, ya mayar da kowane gutsure mazauninsa, ya ɗaure da kara da tsumma. Sannan, bisa al'adar gidansu, ya ce a kamo kaza. Guda ce ta rage mana, wata wake-wake mai shegen surutu. Ya karya mata ƙafar dama, ya ɗaure da tsinke, ya sa aka kife ta a akurki. Ya ce ranar da kaza ta taka, mai gida zai taka, muddin ba wanda ya motsa daga inda aka ajiye shi.

Muna cikin cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, sai labari ya zo cewa an sauke jar dawa a Mayahi, sojoji na rabawa. Ni da Inna muka tafi a ƙasa, muka bi layi har rana ta take. Da muka iso gaban buhunan, sojan da ke tsaye ya tambayi mai gida. Inna ta durƙusa ta yi masa bayani, ta ce ga mai garinmu can zai shaida. Ya ce umarni ne daga sama, sai mai gida da kansa, don wasu sun karɓa da sunan matattu.

"In yana da rai, shi taho," in ji shi, ya kira na bayanmu.

Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya. Zamanin ne na a bugi mutum a hana shi kuka. Muka juyo da buhunmu a naɗe kamar yadda muka je da shi.

Inna ta so ta ɓoye wa Baba, amma ƙannena ba su san ɓoyo ba, yunwa ce ke kuka a bakinsu. Ya ce a aro amalanke. Maɗori ya ji, ya zo da sandarsa ya tsaya a bakin ɗaki yana faɗa, yana cewa za a ɓata masa aiki.

Baba ya ce, "Malam, ƙahwa guda ce. Su kau ɗiyan ga, dubi yawansu."

Ni na riƙe ƙafar a bisa amalanke. Jakin duk haƙarƙari ne, hanyar kuwa yashi da kututture. Duk girgizar da aka yi ina jin ƙashin yana gocewa a ƙarƙashin tafina, Baba yana ta salati a hankali. Abin da har yau ban yafe ba shi ne, da muka isa, sojan nan ko duban ƙafar bai yi ba. Ya ɗan kalli amalanken, ya ɗaga hannu, aka auna mana dawa. Don wannan kallon aka kwance ɗorin mutum.

Ƙafa ta kumbura, ta yi ruwa. Wata safiya Inna na wanke gyambon, wani gutsuren ƙashi ya fito, bai kai ɗan yatsa ba. Maɗori ya juya shi a hannu, ya ce shi ɗori ya gada, bai gaji halitta ba; abin da ya fita ba shi da abin da zai cike shi. A gidan likita na Maradi aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Muka ci dawar, muka rayu, dukanmu. Baba bai ƙara riƙe hauya a tsaye ba.

Ɗiyata ta saurare ni har na kai aya. Ta ce ai kuwa irin giɓin ke nan da ake yi wa wannan abin, da yana nan a lokacin, da kakanta ya mutu da ƙafafunsa biyu. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma Allah ya saka wa masu wannan aiki. Amma na mayar mata da kayanta a hannu.

Na ce mata Baba bai bukaci inji ba. Ranar da aka dawo da shi daga Maradi, muna sauke shi a ƙofar gida, sai ga wake-wake ta fito tana tonon ƙasa da ƙafafu biyu, ko ɗingishi babu. Ɗori ɗaya aka yi musu, hannu ɗaya, rana ɗaya. Ita dai ba wanda ya ce sai ta je Mayahi da kanta.